Amsoshin Tambayoyinku: Yaya zan tallafa wa ƙanwata?

Wata mai sauraronmu daga unguwar Lamorde a Yamai ta ce ƙanwarta ta baro gidan miji da 'ya'yanta saboda duka, tana tambaya ta yaya za ta taimaka mata.

To Malama, Allah ya saka miki da alheri. Da farko ki gaskata ta. Kada ki bari a yi ta ce mata "yi haƙuri ki koma" alhali raunin bai warke ba. In akwai rauni, ki raka ta asibitin Amiru Bubakar Diallo da ke unguwarku, likita ya duba ta ya ba ta takardar shaida, domin ita alƙali zai nema in an je kotu.

Ƙungiyar SOS FEVVF, wadda Mariama Musa ta kafa a 1998, tana sauraron irin waɗannan mata tana ba su shawara. Hukumar ANAJJ kuma tana taimaka wa marasa hali a gaban kotu. Ciyar da yara haƙƙi ne a kan ubansu, ko an rabu.

Sai maganar sana'a. Ta shiga asusun Mata Masu Dubara, wanda aka faro a Maraɗi a 1991, ta ranci jarin tuyar ƙosai ko ɗinki.

Yaran kuwa, ki adana takardun haihuwarsu, kada karatunsu ya tsaya. Wanda ya koma fitsarin kwance ko firgita cikin barci, lallashi yake buƙata, kada a tsawata masa.

Malama, ki riƙe ta hannu bibbiyu. Allah ya kawo mata sauƙi.