Idan Hitar Mota Ta Ƙi Kawo Ɗumi

A ƙasarmu mutum sai ya yi wata goma bai taɓa maɓallin hita ba. Sai hunturu ya kankama, ka kwaso yara da sassafe za ka kai su makaranta a Jos ko Zariya, ka murɗa maɓallin zuwa ja, iska ta fito da sanyinta. Da yawa sukan ce sanyin kwana nawa ne, su share. Ni ban ga haka ba. A motar fetur ko dizal hita ba ta da wutar kanta. Ruwan da ke sanyaya inji ne yake ratsa wani ɗan ƙaramin lagireto da ke ɓoye a bayan dashbod, fanka ta huro zafinsa cikin mota. Idan ta ƙi ɗumi, sau da yawa ciwon inji take faɗa maka.

1. Fara da ruwan lagireto, amma da safe kafin ka tayar da mota. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireton alhali inji na da zafi: ruwan a matse yake, yana iya wuce digiri 100, zai yi tsiri ya saɓule maka fata. Idan ya yi ƙasa, ka cika. Idan bayan kwana biyu ya sake raguwa, akwai inda yake yoyo.

2. Ka sa ido a kan allurar zafi. Bayan tafiyar minti 10 zuwa 15 ya kamata ta tsaya wajen tsakiya. In tana kwance a ƙasa, musamman a kan babban titi, ka zargi tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya kai wajen digiri 80 zuwa 90 sannan ya buɗe. Ko dai ya maƙale a buɗe, ko kuma babu shi gaba ɗaya. Na biyun ya fi yawa a wurinmu. Da zarar mota 'yar Beljiyam ta fara zafi, wani bakaniken zai ce, "Alhaji, wannan na ƙasar sanyi ne," ya cire ya jefar, wani lokacin har ya haɗa fankar lagireto kai tsaye ta riƙa juyawa ba hutu. Zafin ya ɓuya, amma ba a warkar da komai ba. Injin da ba ya kai zafin aikinsa ya fi shan mai, kuma ya fi saurin cinyewa. A mayar da tamostat, a nemo ainihin abin da ya jawo zafin.

3. Buɗe bonet, ka duba bangon da ya raba inji da cikin mota. Za ka ga tiyo biyu sun shige ciki. Inji na ɗumi, hita na kan ja, ka taɓa su da tsumma, kana kaffa-kaffa da fanka da bel. Ɗaya da zafi ɗaya da sanyi, ƙaramin lagireton ya toshe, kuma yawanci ruwan rijiya ko na famfo da ake ɗurawa ne ya tara tsatsa da gishiri a siraran hanyoyinsa. Akan wanke shi ta hanyar tura ruwa ta baya, a hankali. Kana iya tarar da tiyon biyu an haɗe su da juna, an kewaye hitar tun kafin motar ta zo hannunka.

4. In duka biyun da zafi amma iska da sanyi, laifin na ɗan ƙyauren da ke gauraya iska ne. Ƙarar ƙas-ƙas a bayan dashbod idan ka murɗa maɓalli ita ce alamarsa.

5. An taɓa lagireto kwanan nan? Wataƙila iska ta maƙale a ciki, za ka ji kamar ruwa na gudu a bayan dashbod. Ajiye motar gabanta na kallon tudu, buɗe murfin tun inji na sanyi, tayar da shi hita na kan ja, kana ƙara ruwa har kumfa ta daina fitowa.

6. Idan iskar ce ba ta fitowa sam, duba fiyus. In fanka ba ta aiki sai a lamba ta ƙarshe, rizistanta ya ƙone. In kuwa tana ruri iska ba ƙarfi, zaro matatar iskar, wadda a motoci da yawa take bayan akwatin gaban fasinja. Ƙurar hunturu kan mayar da ita kamar bulo.

7. Akwai abin da ba a jira da shi. Ƙamshi mai zaƙi-zaƙi a cikin mota, kafet ɗin gaba a jiƙe, gilashi na yin hazo mai maiƙo: ƙaramin lagireton ya fashe. Baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, ga farin hayaƙi a salansa: gasket ya tafi, a ajiye motar. Kulant kuma, wato sinadarin ruwan lagireto, guba ne mai ɗanɗanon zaƙi, kada a zuba ragowarsa a robar lemo a bar shi inda yara ko awaki za su kai.

In bakanike ya ce a kewaye hitar kawai, ka yarda a matsayin na wucin gadi. Da ita ake share raɓar gilashi da damina, kuma ranar da allura ta fara hawa kana tsakiyar hawan Kibo, kunna ta zuwa ƙarshe da sauke gilasai yana iya rage wa inji zafi har ka samu inda za ka tsaya.