Yadda Za Ka Yi Digiri na Biyu a Fannin Kafa Kasuwanci Kana Zaune a Nassarawa GRA

Nassarawa GRA ta Kano unguwar ma'aikata ce da ofisoshi da bankuna. Yaro kan tashi a nan har ya gama digirin farko bai taɓa tsayawa a bakin shago ya yi ciniki da mai saye ba, alhali tsakaninsa da Kantin Kwari ko kasuwar Singa tafiyar 'yan mintuna ce a mota. Idan irin wannan matashi ya ce zai yi digiri na biyu a fannin kafa kasuwanci, abin da ya fi buƙata shi ne ya shiga aji da sana'a a hannu, komai ƙanƙantarta. A kan haka na jera waɗannan matakai, kuma da maza da mata nake magana.

Mataki na farko: sana'a tukuna, sannan fom

Kafin ka sayi fom, ka zaɓi abu ɗaya da za ka sayar, ka kuma sayar da shi ga mutanen da ba danginka ba. Dangi suna saye don kunya ko don ƙarfafa gwiwa, cinikinsu ba ya nuna maka gaskiyar kasuwa. Ko sarin shinkafa ne kana kaiwa gidajen abinci, ko turaren wuta da humra, ko gyaran sola, ko ɗinkin kayan makaranta, duk ɗaya ne, muddin baƙo zai zaro kuɗinsa ya ba ka. Ka ware littafi ka riƙa rubuta abin da ka kashe, abin da ya shigo, da wanda ya karɓi bashi. Wannan littafin shi ne zai bi ka har ƙarshen karatun.

Mataki na biyu: zaɓen makaranta

Ta farko da za ka duba ita ce Makarantar Kasuwanci ta Dangote da ke Jami'ar Bayero, a sabon matsuguninta na kan titin Gwarzo. Gidauniyar Aliko Dangote ce ta gina mata mazauni a kan naira biliyan 1.2, aka buɗe shi a 2018. Tana ba da digirin MBA da diflomar gaba da digiri a fannin gudanarwa, jami'ar kuma tana da sashen koyar da harkokin kasuwanci da ƙirƙirar sana'a. Wanda aiki ba zai bar shi zama a aji ba yana iya duba karatun nesa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko jami'ar karatu daga gida ta NOUN, wadda take da cibiya a Kano.

Ka bambanta digirin ƙwarewa da digirin bincike. Na farko, irin su MBA, na mai son gudanar da harka ne. Na biyu, wato M.Sc., hanya ce ta zuwa digiri na uku da koyarwa. Mutane da yawa suna shiga na biyun saboda sunansa, sai su tarar rabin lokacinsu yana tafiya a dabarun bincike da alƙaluman ƙididdiga. Ka je sashen da ƙafarka, ka nemi jerin darussa, ka tambayi ɗaliban da suke ciki yanzu: waɗanne malamai ne suke tura su kasuwa, waɗanne ne suke tsayawa a allo?

Mataki na uku: takardu

A bisa al'ada ana neman shaidar digirin farko, sakamakon sakandare mai kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi, takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa, wasiƙun masu tsaya maka, da cikakken sakamakon jarrabawarka daga tsohuwar makarantarka. Wannan na ƙarshen shi ne ke ɓata wa mutane lokaci, don haka ka neme shi tun kafin a fara sayar da fom. Mai HND ko digiri mai daraja ta uku yawanci sai ya bi ta difloma tukuna. Sharuɗɗan shekarar da kake ciki kuwa, sai a sanarwar makarantar karatun gaba da digiri ta jami'ar.

Mataki na huɗu: hanya da lokaci

Daga Nassarawa zuwa titin Gwarzo sai ka ratsa gari, ka bi ta Kabuga da Rijiyar Zaki, kuma da yamma cunkoso ba ƙarami ba ne. Ka sa kuɗin mai ko na a-daidaita-sahu a cikin kasafin karatun. Don bita kuwa ba sai ka yi nisa ba, ga ɗakin karatu na Murtala Muhammad nan a titin Ahmadu Bello.

Mataki na biyar: kowane darasi ka ɗora shi a kan sana'arka

Nan ne karatun yake yin amfani ko ya tashi a banza. Idan aka koyar da lissafin kuɗi, kada ka yi aikin gida da alƙaluman wani kamfanin Amurka. Ka buɗe littafinka. A nan mutum yake gane cewa ciniki daban, riba daban, kuɗin hannu kuma daban. Mai sana'a zai iya cin riba a takarda amma ya rasa kuɗin sarin gobe, domin kayansa suna hannun masu bashi. A kasuwannin Kano, inda ake ba da kaya a kan amana sai an sayar a kawo kuɗi, wannan darasi ya fi kowanne muhimmanci. Ka kuma yanka wa kanka albashi, ka daina cefane daga uwar kuɗi.

Za a gabatar maka da jadawalin tsarin kasuwanci mai gida tara na Alexander Osterwalder, da dabarar Eric Ries ta 2011, wadda ke cewa ka fitar da samfur mafi sauƙi ka gwada shi a hannun masu saye kafin ka zuba dukiya. Wadda na fi so ka riƙe ita ce ta Saras Sarasvathy ta Jami'ar Virginia. A binciken da ta wallafa a 2001 ta nuna cewa gogaggun masu kafa kamfanoni suna farawa ne da abin da ke hannunsu, wato su wane ne, me suka sani, wa suka sani, sannan su saka abin da za su iya jure asararsa kawai. Bakano ba zai ji wannan baƙon abu ba. Alhassan Ɗantata da fataucin goro ya fara a hanyar Gwanja, da jirgin ƙasa ya iso Kano cinikin gyaɗa ya buɗe daga 1912, sai ya juya mutanensa da amanar da ya tara zuwa gyaɗa.

Mataki na shida: nemi ubangida a kasuwa

Malamin jami'a zai koya maka yadda ake auna kasuwa. Ɗan kasuwa ne zai nuna maka yadda ake gane buhun da aka yi wa algus, da wanda za a ba bashi, da wanda za a ba haƙuri. Ka zaɓi kasuwar da ta dace da sana'arka: Dawanau don hatsi da riɗi da zoɓo, Kwari don yadi da atamfa, Ƙofar Wambai don takalma da kayan fata, 'Yankaba don kayan gwari, Ƙofar Ruwa don kayan gini. Mai son sarrafa kaya kuma ga Bompai nan maƙwabciyarku, ga Sharaɗa da Challawa.

Kada ka tunkari Alhaji da tarin tambayoyi a takarda. Ka samu wanda ya san shi ya kai ka, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce: "Ranka ya daɗe, karatu nake yi a kan kasuwanci, ina so a ba ni dama in riƙa zama a shago ina koyo." Sannan ka zauna ɗin, ka ɗauki kaya idan an ce ka ɗauka, ka girmama yaran shago, domin sun fi ka sanin wurin. Ranar Asabar ɗaya a mako, in ka dage, ta isa ta canza yadda kake sauraron lacca.

Mataki na bakwai: rajista

Kafin ƙarshen shekarar farko ka yi wa sana'arka rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Rajistar sunan kasuwanci ta fi sauƙi da araha, amma dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai, wanda ke raba dukiyarsa da ta harkar. Ka buɗe asusun banki da sunan sana'ar, ka karɓi lambar haraji. Idan abinci ne a leda ko kwalba, ko kayan shafa, sai da lambar NAFDAC manyan kantuna za su karɓa.

Mataki na takwas: kundin bincike

Ka zaɓi tambayar da amsarta za ta shafi aljihunka: me ya sa masu saye ba sa dawowa karo na biyu, ko nawa rashin wuta yake ƙarawa a kan farashin kayanka. Ka kai wa malamin da zai duba aikin wannan tambayar da wuri, tare da alƙaluman littafinka.

Mataki na tara: jari

Na ajiye shi ƙarshe da gangan. Mai ba da kuɗi yana son ganin tarihin ciniki, kuma yanzu kana da shi. Gidauniyar Tony Elumelu, tun 2015, tana ba waɗanda ta zaɓa horo da jarin dala 5,000, kuma a farkon shekara take buɗe neman shiga. Akwai kuma Bankin Masana'antu da hukumar SMEDAN mai tallafa wa ƙanana da matsakaitan sana'o'i. Wanda yake gudun kuɗin ruwa yana da bankin Jaiz, da ya fara aiki a 2012 har da reshe a Kano, da bankin TAJ, inda za a iya saya maka inji ko kaya a sayar maka da riba sananniya ta hanyar murabaha. Idan kuma ɗan'uwa ne zai sa kuɗi kai ka sa ƙarfi, ku rubuta kason riba da yadda za a ɗauki asara, ku sa hannu a gaban shaidu biyu tun kafin a sari kayan farko.