Darasi na Tara: Tsohuwar Vespa da Sabon Inji

Kamfanin Piaggio na Italiya ya fara ƙera Vespa a 1946. Injin tsohuwar Vespa yana ƙona fetur gauraye da man inji, shi ya sa hayaƙinta ke da yawa. Don kare lafiyar jama'a, wasu biranen Turai sun taƙaita zirga-zirgar irin waɗannan babura.

Maimakon a jingine ta, sai bakanike ya cire inji da salansa da tankin mai. Ya ɗaura injin lantarki, ya sanya batir a mazaunin tanki, ƙarƙashin wurin zama. Siffarta tana nan, amma hayaƙi da ƙara sun tafi. Sai dai batir yana da tsada, kuma yana bukatar caji.

Tambayoyi
1. Me ke haddasa hayaƙin Vespa?
2. Waɗanne sassa ake cirewa?