Ciwon Muƙamuƙi da Al'adar "Sai Na Je Gida"

"Bari dai in lallaɓa, sai na je gida da Sallah." Da wannan maganar 'yan Arewa da yawa mazauna Fatakwal, Anaca da Inugu suke sallamar ciwon muƙamuƙi. Mai tumatir a Mile 3 ba zai bar kayan gwari su ruɓe ya tafi bin layin asibiti ba. Mai awaki a kasuwar New Artisan ta Inugu yana ganin wuni guda ba ciniki asara ce, direban tirela a Onne kuwa lodi yake jira. Sai a aiki yaro kemis, a haɗiyi ƙwaya biyu da shayi, a koma bakin sana'a. Likitocin haƙori a waɗannan garuruwa galibi ba sa ganin mutanenmu sai lamari ya kai intaha.

Wani magidanci mai sayar da dabbobi, ɗan kimanin shekara arba'in, 'yan uwansa ne suka riƙo shi zuwa ɗakin duba haƙori. Ƙasan haɓarsa ya kumbura ya yi tauri kamar katako, yawu na zuba, bakin ba ya buɗuwa fiye da faɗin yatsa ɗaya. Labarin da ya bayar da ƙyar shi ne, turmin haƙorinsa na ƙasa ya hana shi barci kwana da kwanaki, sai kuma ya yi shiru, ya ɗauka an rabu. Ashe jijiyar cikin haƙorin ce ta mutu. Ƙwayoyin cutar da suka kashe ta suna nan, suka bi saiwa suka sauka cikin ƙashi, mugunya ta taru, ta fasa ta gangara ƙarƙashin harshe. Irin wannan kumburi wani likitan Jamus mai suna Ludwig ne ya yi bayaninsa a 1836, har yau kuma da sunansa ake kiran cutar. Haɗarinta shi ne tana tura harshe sama da baya har ta toshe hanyar numfashi. Sai da aka kwantar da mutumin, aka tsaga aka fitar da mugunyar, aka cire haƙorin, aka yi ta ba shi magani ta jijiya. Ramin da tun farko cikewa kawai yake buƙata shi ne ya ci masa kuɗin awaki da dama.

Don haka kumburin fuska ko na wuya da ya zo da zazzaɓi, ko wahalar haɗiya, ko sauyin murya, ko bakin da ya ƙi buɗuwa, ba a kwana da shi a gida. Ko tsakar dare ne, sashen gaggawa ake nufa. Mai ciwon suga ya fi kowa shiga haɗari, domin cutar ta fi saurin yaɗuwa a jikinsa.

Maganin kemis yana da nasa labarin, musamman a Anaca, inda kasuwar magunguna ta Ogbo Ogwu take a Bridge Head, wadda hukumar NAFDAC ta rufe na wani lokaci a 2025 tana farautar jabun magunguna. A garin da magani ya fi likita kusa, kowa ya zama likitan kansa. Ana haɗa wa mutum diclofenac da ibuprofen a leda ɗaya, alhali dangi ɗaya ne, kuma shan su tare yana cin bangon ciki, yana wahalar da ƙoda. Amoxicillin da Flagyl kan lafar da kumburi na ɗan lokaci, amma ba sa isa cikin mataccen haƙori, shi ya sa ciwon ke dawowa da zarar an daina sha. Wasu kuma sukan danna aspirin a jikin dasashi, ko su ɗiga ruwan batir a ramin, sai a zo da ƙuna a kan ciwo. A cikin dabarun gida, kanumfari da kuskure baki da ruwan ɗumi mai gishiri ne kawai likita ba zai yi faɗa a kansu ba. Suna rage zugi kafin gari ya waye, ba sa cike rami.

Samarin da suka zo ci-rani, masu gyaran takalmi da yankan farce da tura baro, sun fi zuwa da matsalar haƙorin can ƙurya, wanda ke tsirowa tsakanin shekara 17 zuwa 25. Idan wuri ya yi masa kaɗan sai ya fito rabi, ko ya kwanta a karkace, naman dasashi ya rufe shi, abinci ya riƙa maƙalewa a ƙarƙashi. Ciwon kan harba har kunne. Hoton haƙori ne ke nuna ko wankewa za ta wadatar ko sai an cire.

Akwai kuma waɗanda za a duba haƙoransu tas a ga lafiya lau, amma suna kuka da ciwo a gaban kunne. A nan ne muƙamuƙi ya haɗu da ƙoƙon kai. Duk wanda ya ɗora yatsa a wurin ya buɗe baki zai ji gaɓar tana motsi. Tsakanin ƙasusuwan biyu akwai wani ɗan faifan guringuntsi, idan ya goce sai a riƙa jin ƙas-ƙas wajen tauna. Ƙarar kaɗai ba cuta ba ce in babu ciwo. Abin da ke gajiyar da gaɓar sananne ne: goro daga asuba har dare, kilishi mai tauri, fasa ƙashi, buɗe kwalbar lemo da haƙori, da tauna a gefe ɗaya shekara da shekaru saboda ɗaya gefen akwai haƙorin da ake tsoro. Wani maigadi da ya zo da ciwon kai na safe da muƙamuƙi a ɗaure, abokin kwanansa ne ya tona asirin: cikin barci yana gurza haƙora har ana ji. Kan turamensa ya suɗe ya yi sumul. Damuwa da ƙarancin barci suna ƙara wannan ɗabi'a, kuma wanda ke zaman baƙunta, iyali na can Arewa, kasuwa a Anaca da Inugu ta sha rufewa ran Litinin tun 2021, ba a raba shi da tunani. Sauƙin abin shi ne mafi yawan masu ciwon gaɓar suna samun lafiya ba tare da tiyata ba: a huta da abu mai tauri na 'yan makonni, a koma kunu da fate da tuwo mai laushi, a riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi, in ta kama a yi wa mutum robar da zai sa a baki da dare.

Wani ciwon ma ba daga baki yake ba. Mura mai toshe kogon kunci tana sa haƙoran sama su yi zugi gaba ɗaya, musamman in an sunkuya. Hangum kan kumbura yara a gaban kunne. Wanda ƙusa ko wuƙar fawa ta yanka, bayan kwanaki ya ji muƙamuƙi na sarƙewa, tetanus ake zargi, kuma asibiti za a kai shi nan take. Dattijo mai hawan jini da ya ji ciwo ya taso masa a muƙamuƙin ƙasa yana cikin tafiya ko ɗaukar kaya, tare da nauyin ƙirji, gumi ko haki, zuciyarsa ce abin dubawa. Mata sun fi maza samun bugun zuciya da irin wannan alama.

Abin da ya fi ba likitoci takaici shi ne kumburin da ba ya ciwo. Ƙarin da ake kira ameloblastoma, wanda asibitocin koyarwa na Najeriya suka saba gani, yana girma a hankali cikin ƙashin muƙamuƙi, haƙora su fara girgiɗi, fuska ta karkace. Tunda ba ya hana cin tuwo, sai a yi ta shafe-shafe da tofi, wani ma a ce sammu ne. Idan an zo da wuri ɗan yanki ake cirewa, idan an makara rabin muƙamuƙi ke tafiya. A yara kuwa, kumburin da ke girma cikin makonni na iya zama sankarar da Denis Burkitt ya bayyana daga Yuganda a 1958, wadda take jin magani in an fara da wuri. Haka gyambon baki da ya wuce mako biyu bai warke ba, ballantana ga mai shan sigari ko sa taba a leɓe, shi ma abin dubawa ne.

Wurin zuwa bai yi wuya ba. A Fatakwal akwai sashen haƙori a asibitin koyarwa na UPTH da na jihar Ribas, a Inugu akwai UNTH da ke Ituku-Ozalla da asibitin Parklane, mutanen Anaca kuma asibitin Nnewi bai yi musu nisa ba. Wanda harshe zai ba shi matsala ya tafi da ɗan uwa mai jin Turancin buroka. Ya riƙe ledar magungunan da ya sha, ya faɗi in yana da suga, hawan jini ko olsa, mace kuma ta faɗi in tana da ciki. Masu tsoron cewa cire haƙorin sama yana taɓa ido su kwantar da hankali, domin jijiyar gani ba ta bi ta haƙori ba, kuma likita kan fara neman hanyar ceto haƙorin kafin ya ɗauko abin cirewa.