Yadda ake sayen motar hannu mai kunna wutar birki

A Vom motar hannu ba ta wuyar samu. Ma'aikatan Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi, wadda ke garin tun 1924, kan sayar da tasu in sun yi ritaya ko an yi musu canjin wurin aiki, ga kuma dillalan Bukuru da na cikin Jos. Wani lokaci za ka ga mota fes, kuɗinta ƙasa da na sa'o'inta, amma kana tayar da ita sai ga wuta ta tsaya a dashbod. Dillali ba ya rasa amsa: "Yallaɓai, ai sensa ce kawai, da dubu biyu an gyara." Wataƙila gaskiyarsa. Amma kada ka ciro ko kobo sai ka san dalilin wutar.

Fara da launinta. Mai ruwan ɗorawa da aka rubuta ABS tana nufin na'urar da ke hana taya ƙamewa in an taka birki da ƙarfi ta daina aiki, amma birkin kansa yana nan. Sau da yawa sensar da ke jikin taya ce ta yi datti ko wayarta ta tsinke. Jar wuta mai alamar motsin rai a cikin da'ira ita ce abin tsoro. Sauke birkin hannu har ƙasa. In ta mutu, shi ke nan. In ta ƙi, buɗe bonet.

Kafin nan, ga wata dabara da mutane ke mantawa. Murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba. Dole duk fitilun dashbod su kama tare na ɗan lokaci. In ta birki ko ta ABS ba ta kama ba, to mai yiwuwa wani ya cire ƙwan ko ya liƙe shi da baƙin salatif. In haka ne, a ganina wannan motar ta fi mai kunna wuta haɗari, don mai ita ya riga ya nuna maka halinsa.

A ƙarƙashin bonet, ta gefen direba, akwai ƙaramar robar man birki mai layi biyu. In man ya yi ƙasa, ɗayan biyu ne: ko pad ya cinye, ko akwai inda yake yoyo. Kada ka bari yaron dillali ya yi wuf ya cika robar, domin wutar za ta mutu, ciwon yana nan. Duba launin man ma. Sabo garai-garai yake, wanda ya tsufa kuma baƙi ƙirin.

Daga nan sai ka zauna ka ɗora ƙafa a kan birki inji na aiki, ka danne, ka riƙe kamar rabin minti. In ƙafarka na nutsewa sannu a hankali, mastar birki ta gaji ko mai na zuba. In ya yi lagwaf-lagwaf sai ka yi ta bugawa kafin ya kama, iska ta shiga layin.

Yanzu aikin bakanike ne, kuma naka, ba wanda dillali ya kira ba. Ko daga Farin Gada za ka ɗauko shi, kuɗin motarsa ba asara ba ne. Ya cire tayoyin, ya duba kaurin pad da fuskar diski, ya shafa bayan kowace taya ya ji ko da danshin mai. Ya kwanta ƙarƙashi ya bi bututun ƙarfen da ke kai mai baya. Motocin da ake kira Beljiyam da yawa sun fito daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, tsatsa kan ci bututun har ya yi laushi. A jona wa motar kwamfuta in matsalar ABS ce.

Me ya sa duk wannan wahala? Saboda ƙasar da muke ciki. Mai barin Filato zuwa Akwanga ko Abuja sai ya gangara Hawan Kibo, kuma doguwar gangara tana gasa birki. Man birki yana shan danshi da shekaru: sabon DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya tafasa a wajen 155. Da ya tafasa, ƙafa sai ta tafi ƙasa ba komai.

Sai ciniki. Pad, sensa ko canjin mai, bakanike ya faɗi kuɗinsu a gaban kowa, a cire daga farashi. Ruɓaɓɓen bututu haɗe da masta da famfon ABS kuwa, yi musu sallama. In kun daidaita, gwada lambar shasi da ta takardun kwastam da na mallaka, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, a ba dillali la'adarsa. Motar da jar wutarta ke kunne saboda yoyo ba a tuƙa ta zuwa gida, a gyara ta a inda take ko a ɗauke ta zuwa gareji.