Gano Dalilin Jinkirin Kwamfuta Kafin Kashe Kuɗin Jama'a

Yau a makarantu da asibitoci da bankuna da cibiyoyin jarrabawa, aikin jama'a ya rataya ne a kan kwamfuta. Tun shekarar 2015 Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta shiga jami'a kacokan kan kwamfuta. Don haka idan na'ura ta yi nawa, lokacin ɗalibi ne ke ƙonewa. Sau da yawa kuwa akan yi gaggawar sayen sabuwa, alhali ba a san ciwon tsohuwar ba.

Mene ne kanel?

A cikin kowace kwamfuta akwai babbar manhaja mai tafiyar da ita, a tsakiyar manhajar kuma akwai cibiya da masana ke kira kanel. Ita ke yanke wa kowane aiki lokacinsa, ta raba ma'ajiyar bayanai, ta amsa kiran faifai da na waya. Kanel ɗin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finlan a 1991, shi ne a cikin wayoyin Android da ke hannun jama'a.

Mutanen Kafanchan ba za su sha wuyar fahimtar wannan ba. Tun 1927 garin ya zama mahaɗar jiragen ƙasa, inda layin Fatakwal da na Kaduna da na Jos suka haɗu. A zamanin da tashar ke cike da zirga-zirga, jirgi mai lafiyayyen inji kan makara don kawai an tsayar da shi yana jiran a ba shi hanya. Haka aiki kan tsaya a layi cikin kanel. Wannan jira shi ne jinkiri, ana kuwa auna shi da kashi ɗaya cikin dubu na sakan, ko ƙasa da haka.

Kayan awo

Shugaban tasha yakan duba littafin lokaci ya ga inda jirgi ya daɗe. Masu gyaran kwamfuta ma suna da irin nasu:

1. ftrace, wanda ya shiga Linux a 2008. Yana rubuta ayyukan kanel bi da bi, ya nuna tsawon lokacin da aiki ya jira bayan an tashe shi.

2. perf, na 2009. Yana leƙa na'ura sau da yawa cikin sakan guda, ya ƙirga abin da ya tarar tana yi. Aikin da ya fi bayyana shi ne mai cinye lokaci.

3. eBPF, wanda ya bunƙasa daga 2014. Yana ba ma'aikaci damar dasa ƙaramin ma'auni cikin kanel ba tare da kashe na'ura ba.

Abin da awo kan bayyana

Wani lokaci ma'ajiya ce ta cika, kanel ya koma kwashe bayanai zuwa faifai, wanda ya fi ta nawa ƙwarai. Wani lokaci faifan ne ya tsufa. Wani lokaci kuma ƙurar hunturu ce ta toshe fanka, na'ura ta yi zafi, ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996 ta kuma koyar da kwamfuta a Kafanchan, ta daɗe da nuna cewa zafi da ƙura da ƙarancin lantarki su ne manyan abokan gaban na'ura a karkara.

Abin da ake bukata daga shugabannin ma'aikatu

A rubuta ranar da jinkiri ya auku, da sa'a, da aikin da ake yi. A sa ƙwararre ya auna yayin da matsalar ke faruwa. A canja abu ɗaya tak, sa'an nan a sake awo. Kada a sa hannu kan takardar sayen sabuwar na'ura sai an ga sakamakon awon a rubuce.

Kuɗin gwamnati kuɗin talakawa ne, rashin sani kuwa ya fi dare duhu.