Darasin Harshen Finlan: Yadda Ake Faɗin Abin da Ya Wuce

Wannan darasi na masu dangi ne a ƙasar Finlan da waɗanda ke jiran amsar takardunsu. Koyon harshen ba alkawarin tafiya ba ne. Tun daga 2024, mutum 500 kacal Finlan ke karɓa a shekara ta tsarin sake tsugunar da 'yan gudun hijira, kuma ba a biyan ko sisi don shiga tsarin.

Duk wanda ya isa can, za a tambaye shi inda ya zauna, yaushe ya baro gida, da wa ya taho. Amsoshin duk labarin baya ne.

A Hausa gaban aikatau muke sauyawa: na zauna, mun zauna. Mutanen Finlan kuwa ƙarshen kalma suke sauyawa, kamar yadda muke cewa "sakanna" da Larabci. Alamar abin da ya wuce ita ce harafin i, wanda ke shiga kafin ƙarshen da ke nuna mai aikin. Ga aikatau asua, wato zama a wuri:

asuin: na zauna
asuit: ka zauna, kin zauna
asui: ya zauna, ta zauna
asuimme: mun zauna
asuitte: kun zauna
asuivat: sun zauna

Harshen ba ya raba namiji da mace, saboda haka nauyi ya ragu.

Idan jikin aikatau ya ƙare da e, sai e ya ba i wuri. Tulen, ina zuwa, ya koma tulin, na zo. Olen ya koma olin.

Mu gwada da garuruwanmu:

Asuin Damazinissa: Na zauna a Damazin.
Lähdin Wad Madanista vuonna 2023: Na bar Wad Madani a shekarar 2023.
Tulimme leirille: Mun zo sansani.

Wajen korewa ba a sa i. Sai a ce en asunut, ban zauna ba. Emme asuneet, ba mu zauna ba.

A nan ne ya kamata a natsu. Olen sairas na nufin ba ni da lafiya yanzu. Olin sairas kuwa na nufin na yi ciwo a da, kuma likita zai iya ɗauka cewa an warke. Minulla on kolme lasta: ina da 'ya'ya uku. Minulla oli kolme lasta: a da ina da 'ya'ya uku. Uwar da ta faɗi ta biyun alhali 'ya'yanta na raye a Mai Wurno ko Sinja, mai sauraro zai iya zaton sun rasu.

Don haka, a duk hira ta hukuma ku nemi tafinta, kada kunya ta hana ku. Wannan darasi na makaranta ne da kasuwa da gaisawa da maƙwabta.

Aikin gida: kowa ya rubuta jimla uku da asuin, lähdin da tulin, ya kawo teburin tafintoci mu duba tare. Wanda bai iya boko ba, ya zo ya faɗa da baki.